Gyaran Maganaɗisun Tuwita da Kiyaye Alƙiblarsa

Gabatarwa

Da wuya a wayi gari a kai dare a garuruwan ƙasar Hausa kunne bai ci karo da lasifika ba. Ita ke kai kiran salla unguwa-unguwa, ita ke ɗaukar muryar shugaban makaranta zuwa sahun baya a taron safe, da ita ake shagalin biki, tana kuma cikin rediyo da talabijin da wayar hannu. Amma sau da yawa akan ji lasifika tana ta ruri kamar za ta tsaga gini, alhali ba a fahimtar abin da mai magana ke faɗa. Idan aka bincika, akan tarar laifin yana ga wata 'yar ƙaramar lasifika da ke can saman akwatin, wadda masu gyara ke kira tuwita. Ko dai ta ƙone, ko maganaɗisunta ya goce, ko kuwa an gyara ta amma an juya mata alƙibla. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuyar ganewa, domin tuwitar tana aiki, tana fitar da sauti, sai dai tana yin sa ne a saɓanin sauran 'yan'uwanta.

Aikin Tuwita

Sauti kaɗawar iska ne. Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar takan yi gaba ta yi baya, ta matsa iskar da ke gabanta sannan ta sassauta mata, wannan matsi da sassauci su yi ta tafiya har su iso kunne. Ana auna yawan kaɗawar da ake yi cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga Hertz 20 zuwa Hertz 20,000. Kaurin sautin tambari yana can ƙasa, kaifin sautin sarewa kuwa yana sama.

Lasifika guda ba ta iya ɗaukar wannan nauyi duka yadda ya kamata. Sauti mai kauri yana buƙatar faffaɗan tantani mai tura iska da yawa, shi kuwa faffaɗan tantani nauyi gare shi, ba zai iya kai da komowa sau dubu goma cikin daƙiƙa ɗaya ba. Saboda haka aka raba aikin. Babbar lasifika, wadda ake kira wufa, ta ɗauki sauti mai kauri. Tuwita kuwa ta ɗauki abin da ya kama daga wajen Hertz 2,000 ko 3,000 zuwa sama. Sunayen biyu daga Ingilishi suka samo asali, ɗaya kwaikwayon haushin kare ne, ɗayan kuma kwaikwayon kukan 'yan tsuntsaye. A cikin akwatin akwai allon raba sauti, mai ɗauke da kondensa da naɗin waya, wanda ke aika wa kowace lasifika rabonta.

Muhimmancin tuwita ga magana ba ƙarami ba ne. A dubi kalmomin nan uku: sara, shara, tsara. Wasulansu iri ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne baƙin farko, kuma ƙarfin sautin irin waɗannan baƙaƙe yana can sama ne, a yankin da tuwita ke aiki. Idan tuwita ta mutu, mai sauraro zai ji amon murya, amma kalmomin sai su cakuɗe masa.

Abin da Ke Cikinta

Ginin tuwita ya dogara ne kan wata ƙa'ida da aka gano sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. A 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Oersted, ya lura cewa wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana karkatar da allurar kamfas. Wannan ya nuna cewa lantarki mai gudana yana haifar da ƙarfin maganaɗisu. A 1821 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa irin wannan waya takan motsa idan tana cikin fagen maganaɗisu. Lasifikar da aka sani yau kuwa ta samo siffarta ne daga aikin da Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925.

Idan aka buɗe tuwita ta yau da kullum, za a tarar da sassa biyar. Akwai maganaɗisu mai siffar zobe. A ƙarƙashinsa akwai farantin ƙarfe mai turke a tsakiya, turken ya ratso ta ramin zoben. A samansa akwai wani farantin mai huji, wanda ya kewaye kan turken bai taɓa shi ba. Tsakanin turken da farantin sama an bar wata siririyar tsaga mai zagaye, wadda faɗinta bai cika wuce milimita ɗaya ba. A cikin wannan tsaga ne naɗin waya yake rataye, waya ce ta jan ƙarfe ko sanholo mai sirantaka kamar gashi. Naɗin kuma yana manne da tantani mai siffar kifaffiyar ƙwarya, wanda faɗinsa yawanci milimita 25 ne, an yi shi da siliki ko roba ko wani ƙarfe marar nauyi.

Aikin farantan nan biyu shi ne su tattaro ƙarfin maganaɗisun duka su cusa shi cikin tsagar, kamar yadda ake tattara ruwan fadama a bi da shi ta kwata ɗaya. Ƙarfin da ke cikin tsagar yakan kai Tesla 1 zuwa 2, alhali na duniya, wanda ke juya allurar kamfas, bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na Tesla ba.

Ƙarfin turin da naɗin ke samu daidai yake da ƙarfin maganaɗisu sau yawan lantarki sau tsawon wayar da ke cikin tsaga. A ɗauka ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5 ne, tsawon waya mita 2, lantarki kuma rabin Amfiya. Turin zai zama Newton 1.5. Wannan kamar ba wani abu ba ne, sai an tuna cewa naɗi da tantani a haɗe ba su kai rabin giram ba. Da irin wannan rashin nauyi ne suke iya kai da komowa sau dubbai kafin ƙiftawar ido.

Manyan lasifikokin taro suna da tuwita mai ƙaho, wadda tantaninta ke matsa iska ta wani ƙuntataccen maƙogwaro kafin ta bazu. Lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci ma a kan wannan tsari take. Akwai kuma wata tuwita mai araha da ake kira fizo, wadda ba ta da maganaɗisu ko naɗi sam, wani ɗan faifan tangaran ne ke lanƙwashewa idan lantarki ya shige shi. Bayanin gyaran maganaɗisu bai shafe ta ba.

Ire-iren Maganaɗisu

Kafin mai gyara ya taɓa tuwita, wajibi ne ya san irin maganaɗisun da ke cikinta, domin kowane da halinsa.

Na farko shi ne alniko, haɗin sanholo da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, wanda tushensa ke komawa ga binciken Tokushichi Mishima na Japan a 1931. Yana jure zafi ƙwarai, amma yana da rauni guda: idan aka raba shi da farantansa, ko ya sha bugu, sai ƙarfinsa ya ragu, ba kuma zai dawo ba sai an sake yi masa caji da na'ura ta musamman. A 1978 yaƙi ya ɓarke a Kolwezi da ke lardin Shaba na ƙasar Zaire, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, inda ake haƙo kobal mai yawa. Farashin kobal ya ninka, masu ƙera lasifika da yawa suka bar alniko. Yau a tsofaffin kaya aka fi samun sa.

Na biyu shi ne ferait, baƙin zoben nan da kowane yaro ya sani, wanda ake cirowa daga matacciyar rediyo ana wasa da shi. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da irin da ake amfani da shi a lasifika a farkon shekarun 1950. Yana da araha, ba ya tsatsa, ba ya saurin rasa ƙarfi, amma ɗan'uwan tangaran ne, da ya faɗi sai ya fashe.

Na uku shi ne niyodimiyam, wanda kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka gano a 1982, kowane da binciken kansa. Shi ne mafi ƙarfi, ɗan ƙarami kamar kwabo yana yin aikin babban zoben ferait. A tuwita akan sa shi ne a tsakiyar naɗin, cikin wani ɗan kofin ƙarfe. Rauninsa biyu ne, tsatsa da zafi. Saboda tsatsa ake lulluɓe shi da nikel. Zafi kuwa, irin da aka fi sayarwa yakan fara rasa ƙarfi idan ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, idan kuma ya haura digiri 310 sai ya tashi daga maganaɗisu baki ɗaya. Ferait sai ya kai wajen digiri 450 kafin haka ta same shi. Wannan iyaka ana kiran ta da sunan Pierre Curie na Faransa, wanda ya yi nazarinta a 1895.

Mene Ne Alƙibla?

Kowane maganaɗisu yana da fuska biyu, ta arewa da ta kudu. A zoben lasifika, shimfiɗaɗɗen gefe ɗaya shi ne arewa, ɗayan kuma kudu. Ita ma tuwita tana da ƙafa biyu da ake jona wa waya, ɗaya mai alamar tarawa, wadda akan shafa wa jan fenti, ɗaya mai alamar ɗebewa. Al'adar da akasarin masu ƙera lasifika suka bi ita ce, idan aka jona kan batir mai alamar tarawa da ƙafa mai alamar tarawa, tantani ya tura iska waje, wajen mai sauraro.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin inda tantani zai nufa: inda ƙarfin maganaɗisu ya fuskanta a cikin tsaga, da inda lantarki ya bi a cikin naɗi. Ɗaliban kimiyya sun san wannan a dokar hannun hagu ta Fleming, inda manuniya ke nuna fagen maganaɗisu, ɗan yatsan tsakiya ke nuna lantarki, babban yatsa kuma ke nuna motsi. Idan aka kifar da maganaɗisu, motsi ya juya. Idan aka musanya wayoyi, motsi ya juya. Idan aka yi duka biyun, juyi biyu sun kashe juna, motsi ya koma yadda yake tun farko. Abin lura a nan shi ne, tuwitar da aka kifar wa maganaɗisu alamominta sun zama ƙarya. Wanda ya zo daga baya ya bi jan fenti ya jona waya daidai, to ya jona ta a baibai bai sani ba.

Illar tana bayyana ne a inda lasifika biyu ke fitar da sauti ɗaya. A daidai marabar da wufa ke miƙa wa tuwita aiki, su biyun suna rera sauti guda tare. Idan suna tura iska lokaci ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu. Idan kuwa wannan tana turawa waccan tana ja, matsin ɗaya ya faɗa cikin sassaucin ɗaya, sai sautin ya dushe. Kamar mata biyu ne a kan turmi: idan suka daidaita lugude aiki ya yi kyau, idan suka saɓa sai taɓare su yi karo. Abin takaici, wannan maraba tana faɗawa ne tsakanin Hertz 2,000 da 4,000, inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, inda kuma fayyacewar magana take.

Haka nan idan akwatuna biyu ne, dama da hagu, aka juya tuwitar ɗaya, muryar da ya kamata a ji ta tsaya cak a tsakiya sai ta watse, a kasa gane inda take fitowa. Ƙahoni biyu da aka jera a masallaci ko filin makaranta, ɗaya a juye, za su raunana juna a daidai wurin da sautinsu ya haɗu.

Yadda Tuwita Ke Lalacewa

Ƙonewar naɗi ita ce ta fi yawa. Takan faru idan aka ƙure amfilifaya fiye da ƙarfinta har sauti ya fara tsagewa, ko idan makirfo ya fuskanci lasifika aka yi ta jin ƙugin nan mai huda kunne. Ana gane ta da mita. Tuwita mai Om 8 takan nuna tsakanin Om 5 da 7, mai Om 4 kuwa wajen Om 3. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke, sai a sauya tantani da naɗinsa.

Ta biyu ita ce gocewar maganaɗisu. A yawancin tuwitoci gam ne kawai ke riƙe da zobe da farantansa. Idan akwati ya faɗo daga mota, ko gam ya tsufa saboda zafi, ko tsatsar damina ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, sai turke ya fizgu gefe ɗaya ya manne da farantin sama, ya danne naɗin a tsakani. Alamarta ita ce mita tana nuna waya lafiya lau, amma sauti ya yi ƙasa ƙwarai ko ya ɗauke.

Ta uku ita ce datti. Tsaga tana jawo duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ya kusance ta, ƙurar hunturu ma takan samu hanya ta shiga. Sai a riƙa jin ƙarar gogayya a kan wasu sautuka.

Ta huɗu ta shafi tuwitocin da aka zuba wa ruwan maganaɗisu a tsagarsu. Wannan wani mai ne da aka cakuɗa da ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi, wanda Steve Papell na hukumar NASA ya ƙirƙiro a 1963, daga baya aka shiga amfani da shi don sanyaya naɗi. Bayan shekaru yakan bushe ya yi kauri kamar kwalta, ya riƙe naɗin.

Matakan Gyara

A masana'anta akan harhaɗa sassan ne tun maganaɗisu bai da ƙarfi, a daidaita tsaga cikin natsuwa, gam ya bushe, sannan a sa tuwitar cikin wata na'ura mai sakin lantarki mai yawa cikin ƙiftawar ido ta yi masa caji. Mai gyara a Sabon Garin Kano ko wata kasuwa ba shi da wannan gata. Da maganaɗisu mai rai zai yi kokawa, wanda ke fizgar kowane ƙarfe da ya matso. Don haka aikin yana son haƙuri da tsari.

Mataki na farko, a yi alama kafin a kwance komai. A rubuta launin wayar da ke kan kowace ƙafa, ko a ɗauki hotonta da wayar hannu. Da zarar gefen zobe ya bayyana, a zana kibiya mai nuna sama a jikinsa, a kuma ja layi ɗaya da ya ratsa faranti da zobe da faranti. Wannan alama ta daƙiƙa biyar ita ce ke hana yawancin kurakuran alƙibla.

Na biyu, a share teburin aiki sarai, a nisantar da ƙusoshi da garin ƙarfe. A kwance tantani a ɗaga shi tsaye ba tare da karkatarwa ba. A riƙe sukudireba da hannu biyu, domin maganaɗisu yakan fizge ta ta huda tantani. Idan naɗin ya maƙale, kada a ja shi da ƙarfi, sai an tura turken ya koma tsakiya tukuna.

Na uku, a raba sassan da gam ɗinsu ya saki. Ana yin haka da 'yan ƙananan katakai masu tsini, a cusa su kaɗan-kaɗan ta kowane gefe. Ba a sa guduma, domin ferait zai fashe. Ba a gasa niyodimiyam da wuta, domin zai mutu. Alniko kuwa gara a bar shi a haɗe in dai babu na'urar caji a kusa. Zoben ferait da ya rabu biyu ba ya karɓar gyara mai kyau, saboda ɓangarorin suna kwance ne arewa kusa da arewa, kudu kusa da kudu, sai su yi ta ture juna. Sauya shi ya fi.

Na huɗu, a kankare tsohon gam da tsatsa daga farantan, nesa da maganaɗisu, a goge da sipirit a bari su bushe. Ɓurɓushin da ya manne wa zobe da salatif ake ɗebe shi.

Na biyar, a tanadi abin da zai tsare tsaga. Akan yanka leda mai tauri, ko tsohon fim ɗin hoton asibiti, ko kati, a naɗa shi a kewayen turke har kaurinsa ya cika tsagar daidai ta kowane gefe. Lalle ne ya kasance abin da maganaɗisu ba ya ja.

Na shida, a shafa gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, wanda ke jinkirin kamawa. Gam mai kamawa nan take ba ya ba da damar daidaitawa. A shafa shi siriri, domin gam mai kauri tamkar rata ce da ke rage ƙarfin da ke isa tsaga, kuma rararsa na iya malalawa ciki. A duba kibiyar da aka zana, a tabbatar tana kallon sama. A saukar da faranti a kan katakan nan, a riƙa zare su sannu a hankali har ya zauna, yatsu kuwa a nisanta su daga tsakani. A bar shi awa 24 kafin a zare abin da ya tsare tsagar.

Na bakwai, a tsabtace tsaga. A naɗe salatif a jikin siririn kati, gefen danƙon yana waje, a zagaya da shi ciki, a yi ta sauyawa har ya fito fes. Idan tuwitar mai ruwan maganaɗisu ce, irin nasa ake mayar mata daidai kima. Man inji ko man keke ba ya maye gurbinsa.

Na takwas, a mayar da tantani, a ɗaura sukurorin sama-sama, a sa sauti marar ƙarfi a saurara. Idan babu gogayya, a ƙarasa ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, kowane da na daura da shi.

Gwajin Alƙibla

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ko da an yi alama, ba a mayar da tuwita akwati sai an gwada ta.

Gwaji na farko da kamfas ake yin sa. A kusanto da shi bayan tuwitar da aka gyara, a ga wane kan allura ya juyo, sannan a yi haka ga lafiyayyar tuwita irinta a daidai wannan wuri. Idan kai ɗaya ne ya juyo a duka biyun, maganaɗisu ya zauna daidai. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya, domin maganaɗisu mai ƙarfi yana iya juya alƙiblar ita kanta allurar.

Na biyu da batir ɗin tocila mai Bolt 1.5 ake yi. A cire tuwita daga allon raba sauti, domin kondensa ba ta barin lantarkin batir ya wuce. A jona gindin batir da ƙafar ɗebewa, a ɗan taɓa kansa da ƙafar tarawa a ɗauke nan da nan. Tantani ya kamata ya yunƙuro waje. Motsin ƙanƙane ne, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka sai an duba ta gefe cikin haske mai kyau. Ba a amfani da batir mai Bolt 9 ko na mota, ba a kuma barin wayar a jone, domin siririn naɗin zai ƙone. A tuwita mai ƙaho, abin dubawa shi ne tantani ya matsa wajen maƙogwaron ƙahon.

Na uku da kunne ne. A kama shuuu ɗin da rediyo ke yi tsakanin tashoshin FM, a sa shi cikin akwatin da aka gyara da kuma ɗan'uwansa lafiyayye, a saurare su bi da bi daga gaba. Idan wanda aka gyara ya yi kamar an ƙwaƙule masa tsakiya, a musanya wayoyin tuwita a sake saurare.

Idan gwaji ya nuna an kifar da maganaɗisu bayan gam ya riga ya kama, ba sai an sake fasa aikin ba. Musanya wayoyi ya wadatar, amma wajibi ne a goge tsofaffin alamomin ƙafafun a rubuta sababbi, don kada a bar wa na baya tarko.

Inda Ake Juyawa da Gangan

A nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Wani mai gyara yakan buɗe akwati ya tarar an jona tuwita a juye tun daga masana'anta, ya ɗauka kuskure ne ya gyara, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Dalili kuwa shi ne, kondensa da naɗin da ke allon raba sauti suna sa kaɗawar lantarki ta yi gaba ko ta yi baya. A allon da ke da kondensa ɗaya da naɗi ɗaya ga kowace lasifika, wanda ake kira mai mataki biyu, rabon wufa da na tuwita sukan fito da saɓanin rabin zagaye cif a daidai maraba. Sai mai ƙira ya juya wayoyin tuwita da gangan don su dawo tafiya tare.

Mazaunin tuwita ma yana da tasiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. A Hertz 3,000 tsawon zangonsa bai wuce santimita 11 da 'yan kai ba. Ke nan matsar da tuwita gaba ko baya da abin da bai kai santimita 6 ba daidai yake da juya mata waya a wannan sauti. Bugu da ƙari, ba kowane kamfani ne ya bi al'adar da aka ambata ba. Tsofaffin lasifikokin JBL da yawa tantaninsu ciki yake shiga idan aka ba jar ƙafa kan batir mai alamar tarawa. Saboda haka ƙa'idar mai gyara guda ce: a mayar da komai yadda mai ƙira ya tsara shi.

Hattara

Maganaɗisu mai ƙarfi yana datse yatsa, ferait da niyodimiyam kuma suna tarwatsewa idan suka yi karo, don haka a sa tabarau. Ba a huda niyodimiyam ko a goga shi a dutsen wuta, garinsa yana kamawa da wuta. A nisanta shi daga agogo da katin banki da tsofaffin kaset. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusance shi. Mafi haɗari duka shi ne yaro ya haɗiye ƙananan maganaɗisu biyu, domin sukan manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Idan haka ta faru, a garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba.

Gwaji a Cikin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai duk wannan da kaya masu sauƙin samu. A samo wufa biyu iri ɗaya daga tsohuwar rediyo. Da farko a taɓa batir a ƙafafun ɗaya, ɗalibai su ga tantani ya fito, a juya batir su ga ya shige. Sannan a jona su biyun a rediyo, a fuskantar da su ga juna da 'yar tazara kaɗan, a sa kiɗa mai kauri. Da an musanya wayoyin ɗaya, kaurin zai ɓace kamar an ɗauke shi da hannu. Daga ƙarshe a jona mita mai allura a ƙafafun wufa, a ɗan danna tantani a saki. Allura za ta yi gefe ɗaya sannan ta yi ɗaya gefen, wato lasifika ta zama janareta, abin da Faraday ya gano a 1831.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Tuwitar da ba a ƙure wa amfilifaya ba, ba a jefar da akwatinta ba, ba a kuma jona ta kai tsaye babu kondensa ba, takan yi shekaru tana aiki. Ga tuwita mai Om 8, kondensa mai maikrofarad 4 tana fara tare sautin da ya gaza Hertz 5,000, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na sabuwar tuwita. Idan kuma gyara ya zama dole, alama kafin kwancewa da gwaji kafin rufewa su ne ke raba ƙwararre da ɗan koyo. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa kifar da ɗan zoben nan ke juya motsin tantani, ya riga ya kama bakin zaren yadda fanka da injin ban ruwa da janareta ke aiki, domin doka ɗaya ce ke tafiyar da su duka.